Tulunan Dila Marasa Uwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A garin Rafin Yumɓu akwai wata tsohuwar maginiya, sunanta Iya Ladingo. Tulu take ginawa. Babban yatsanta na dama a karkace yake, don haka duk tulun da ta gina sai ka ga ya ɗan lotsa a wuya. Mutane su yi ta tsokanarta, ita kuwa ta yi dariya ta ce ai nan ne ta riƙe shi yana jariri.

Kowace shekara bayan girbi ana baje kolin sana'ar hannu, kwana uku. Dokar wurin ɗaya ce: abin da hannunka ya yi, shi za ka baje. Wanda ya fi kowa iya hannu kuma, shi ke zama a inuwar durumin tsakiyar fili. Nan kakar Ladingo ta zauna, nan uwarta ta zauna, nan ita ma take zama. Ga tsufa, ga ciwon gwiwa. In aka tashe ta daga inuwar nan, ita da baje koli sai dai labari.

To, wata shekara sai ga Dila. Dila fa ko kasko bai taɓa ginawa ba. Birni ya je, ya sayo tuluna cikin kwalaye, waɗanda jirgi ya kawo daga hayin teku. Ya kankare takardar da ke manne a gindin kowanne. Ya je bakin kududdufi ya shafa taɓo har gwiwar hannu. Sannan ya baje kaya dab da durumi, yana ta nishi, wai aiki ya gajiyar da shi.

Tuluna kuwa sumul-sumul, sai ƙyalli, kowanne da ɗan'uwansa kamar an tsaga kara.

Ranar farko jama'a suka yi dafifi wurin Dila. Ladingo ko ɗaya ba ta sayar ba. Ta yi masa sannu da aiki, ta tambaye shi a wane rami yake ɗebo yumɓu. Ya ce sirrin gidansu ne. Ta dubi taɓon hannunsa, ta ga har da gansakuka.

Rana ta biyu jama'a suka ƙaru. Ladingo ko ɗaya ba ta sayar ba. Ta tambaye shi da me yake gashi, da kara ko da itace. Ya ce sirrin gidansu ne.

Rana ta uku Dila ya ce inuwa ta zama tasa, kowa ya ga wanda ya fi iyawa. Har wasu sun kama bakin tabarmar Ladingo za su ja ta rana. Ta rungume tulunta ɗaya.

Sai ga Kunkuru, Sarkin Kasuwa. Tun ranar farko ya taso daga bakin ƙofa, sai yanzu ya iso. Ya ce a dakata, ba a ba da inuwa sai an tambayi kaya. A zamanin nan, yara, in ka ƙwanƙwasa tulu ka tambaye shi, amsawa yake yi.

Kunkuru ya ƙwanƙwasa na Ladingo, ya ce, "Wa ya gina ka?"

Tulu ya ce:

"Ƙwal, ƙwal, Ladingo ce uwata.
Ta riƙe ni a wuya,
Ta shanya ni a rana,
Ta gasa ni da kara."

Ya juya kan na Dila. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake, shiru. Dila ya ce, "Kunya gare shi, ranka ya daɗe." A na uku sai aka ji wata 'yar siririyar murya.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da uwa. Inji ne ya zubo mu, mu dubu a yini ɗaya. Wannan bawan Allah kuwa, a kanti muka haɗu da shi."

Sai tulun ya fashe da kuka. Na kan tabarmar Dila suka ɗauka. Na cikin kwalaye ma suka ɗauka.

Jama'a suka rarumo sanduna, Dila ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Ladingo kuwa tausayi ne ya kama ta. Ta ɗauki tulun nan, ta share shi da gefen zanenta, ta ce marayu ne, ba su yi wa kowa laifi ba. A mayar musu da takardunsu, a kai su kasuwar gari a sayar da sunansu na gaskiya.

"Shi kuma ɗan nan," in ji ta, "tunda yana son laka a hannu, a ba ni shi shekara ɗaya."

Haka aka yi. Dila ya haƙo yumɓu, ya tattaka, ya cuɗa, yana mita. Tulun farko ya rushe tun kafin ya bushe. Na biyu ya fashe a wuta. Na uku ya tsaya. Amma fa muni gare shi: ciki ya tafi gabas, baki ya tafi yamma.

Da shekara ta zagayo, Dila ya kawo shi baje koli, shi kaɗai, yana ɓoye shi a bayansa. Kunkuru ya iso, ya ce a fito da shi. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya tak.

Tulu ya ce, "Ƙwal, ƙwal, Dila ne ubana. Bai iya ba tukuna, amma shi ne."

Dila, mai wayon nan duka, sai ga shi yana hawaye. Wani ya taya tulun, Dila ya ce ba na sayarwa ba ne. Iya Ladingo ta muskuta a kan tabarma, ta ce, "Zo nan, ɗan nan, kada rana ta bugi jikana."

To kun ji, yara. Abin da ka saya, ka ce saya ka yi, ba abin kunya ba ne. Amma abin da hannunka ya yi, komai muninsa, shi ne zai amsa sunanka.

Ƙurunƙus kan ɗan tulu. Wanda bai yarda ba, gobe ya ƙwanƙwasa na ɗakin uwarsa ya tambaye shi.