Dalilin Da Ya Sa Kare Ke Tashin Mutanen Gida Tun Da Duku-duku

Dalilin da ya sa kare ke zuwa bakin ƙofa yana karta yana haushi tun gari bai waye ba, shi zan gaya muku yau, tunda na ji kuna ta ƙorafi a kan namu. Ku matso.

A da can babu dabbar da ta kai kare son barcin safe. Sai rana ta take yake buɗe ido. A wannan zamanin akwai wata amarya mai suna Tabawa, da mijinta Nomau. Sun bar gari sun je sun sari sabuwar gona a bakin daji, nesa ƙwarai, inda ko kiran salla ba a ji. Bukka ɗaya gare su, da giginya doguwa a gabanta, da zakara ɗaya mai tashinsu da asuba, sai karensu Ƙosau, wanda ba ya da aiki sai kwanciya cikin tokar murhu.

Wata safiya muzuru ya shigo ya ɗauke zakaran a gaban Ƙosau, shi kuwa ko kunne bai motsa ba. Nomau ya ɗauki sanda.

"Yau sai ya bar gidan nan. Kare ne ko buhun gero?"

"Ka yi haƙuri, Maigida," in ji Tabawa. Haka take kiransa, don tun da aka kawo ta ba ta taɓa furta sunansa ba, saboda kunya. "Idan ka tafi gona shi kaɗai nake gani."

Nomau ya yi tsaki ya ajiye sandan.

Bayan kwana biyu, yana cikin sassabe sai wata baƙar ƙaya ta soke shi a ƙafa. Da ƙyar ya kawo gida, ya faɗi a kan tabarma, barci ya kwashe shi kamar an jefa dutse a rijiya. Tabawa ta ruga har ƙauyen da ke gaba ta ɗauko Iya Gwamma, tsohuwa mai magani. Tsohuwar ta duba ƙafar.

"'Yar nan, ƙayar barci ce. Ga saiwa, ki jiƙa. Kwana bakwai, kullum ki tashe shi ya sha kafin rana ta taɓa kan giginyar nan. Idan kan giginyar ya yi ja yana barci, ko sau ɗaya ne, to ba zai ƙara tashi ba. Ranar bakwai ita ce mai wuya. Kuna da zakara?"

"Muzuru ya cinye shi, Iya."

"To, ke ce zakaran."

Tsohuwa ta koma, don akwai mai naƙuda tana jiranta. Tabawa ta rasa yadda za ta yi ta san asuba in ta kwanta, saboda haka ta daina kwanciya. Da rana tana surfe, tana ɗebo ruwa, tana korar birai daga gona. In duhu ya yi sai ta zauna a kan turmi tana kallon giginya. Kwana ɗaya, biyu, uku, tana tashin mijinta yana sha yana komawa. Ran na biyar sai da ta zuba masa ruwan randa kafin ya motsa. Ran na shida ta tsinci kanta tana barci a tsaye, taɓarya a hannu.

Da yamma ta je ta durƙusa a bakin murhu.

"Ƙosau, idona ya ƙare. Gobe ce ta ƙarshe, kuma na san barci zai sace ni. Ka tashe ni."

Ƙosau ya buɗe ido ɗaya. "Ni? Uwar ɗakina, kin manta da zakara? Kuma mutumin da ya ɗaukar mini sanda?"

"Ban manta ba. Ni ce na hana shi."

Kare ya ce, "Barcin safe shi ne duk abin da na mallaka. Me zan samu?"

"Ƙanzon tukunya naka ne, kai da 'ya'yanka."

"Har yaushe zan riƙa tashinku?"

"Har sai na ce maka ya isa."

Ƙosau ya san halinsa. In ya kwanta a toka mai ɗumi, ko ganga aka buga ba zai ji ba. Sai ya tashi ya je tsakiyar fili, ya kwanta a ƙasa mai sanyi inda babu rumfa, don raɓar asuba ta sauka a kansa. Tabawa kuwa ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure, ta ce bari ta ɗan jingina da bango. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Cikin barcin ta riƙa jin wani abu daga nesa, kamar ana kankare ƙwarya. Tana so ta tashi, jikinta ya ƙi. Karta ta ƙaru, haushi ya biyo baya, sannan wani irin kuka mai tsawo da ba ta taɓa jin kare ya yi ba. Ta zabura. Ta ƙasan ƙyaure haske na shigowa.

Ta banke ƙofa. Ƙosau na tsaye jiƙe da raɓa, faratansa na jini. Gabas ta yi fari fat. Kan giginya bai yi ja ba tukuna, amma tsuntsaye sun fara tashi daga cikinta.

Ta faɗa kan mijinta tana girgiza shi. "Maigida! Maigida, tashi!" Ko gezau. Ta kwara masa ruwa, ta ja hannunsa, hannun ya faɗi kamar tsumma. Ƙosau ya tsaya a bakin ƙofa, don bai taɓa shiga ɗaki ba, yana haushi kamar maƙogwaronsa zai tsage. Ta waiga. Gajimaren da ke saman giginya ya fara ja.

Sai ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta kai bakinta kunnensa.

"Nomau. Nomau! Kada ka bar ni a dajin nan."

Girarsa ta motsa. Ta tallafo kansa ta ɗura masa jiƙon, ya ƙware, ya yi tari, ya buɗe ido. Yana haɗiye kurɓin ƙarshe rana ta taɓa kan giginya.

Ya dube ta, murya a shaƙe. "Wa ya kira sunana? Kuma wane mahaukacin kare ne wannan?"

Tabawa ta rufe fuska da gefen zane, tana kuka tana dariya.

Nomau ya warke sarai. Amma washegari, tun da duku-duku, sai ga karta a ƙofa. Haka jibi, haka gata. Da aka yi wata guda Nomau ya gaji.

"Tabawa, don Allah ki sallami karen nan. Na gode masa, na yafe zakaran. Ki ce masa ya isa, in samu barci."

Ta fita da niyyar faɗa. Ƙosau na zaune cikin raɓa yana jiran kalmar, giginya na tsaye a bayansa cikin duhu-duhu. Ta buɗe baki, sai ta tuna hannun nan da ya faɗi kamar tsumma. Daga cikin ɗaki kuma ta jiyo mijinta yana mita, yana neman takalmi, yana zagin kare. Ta tsaya tana saurare har ya gama. Sannan ta je ta kankaro ƙanzo ta zuba wa Ƙosau, ta koma ciki.

"Kin faɗa masa?"

"Gobe," in ji ta.

Har suka tsufa goben ba ta zo ba. Shi ya sa har yau kare ke zuwa ƙofa kafin rana ta fito, ba ya kuma barin karta sai ya ji muryar mai gidan, ko da zagi ne. Da ya ji, sai ya juya ya nemi wuri ya rama barcinsa.