Tafkin da Mushe Zulkiflu Ya Zana a Ƙarƙashin Gure

Yaya Umara, yau kwana arba'in da muka kai ka makwancinka. Guganka yana nan rataye jikin dabino inda ka bar shi, igiyar ta bushe. Ka sha ce mini in daina cika mutane da labaran waya. To yau naka zan ba su, ka yi haƙuri.

Jama'ar wannan shafi, ku ba ni hankalinku.

Akwai wani malamin kolej, wato ƙaramar sakandare, a nan Gure, sunansa Zulkiflu, an turo shi daga Maraɗi yana koyar da ilimin ƙasa da halittu. Mushe Zulkiflu, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya iya zane. In ya ɗauki alli mai launi, sai ka ji kamar kar a goge allon. Shi ma ya san da haka, kuma abin ya ɗan hau masa kai.

Da suka zo darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kwana uku ya yi yana zane a babbar takarda. Tudun rairayi a sama, dabino a kwari, rijiya ta gangara, can ƙasa kuma wani faffaɗan shuɗi mai sheƙi da aka rubuta wa "ruwa". Darakta ya gani ya ce a kai wa mai duba makarantu, ƙila a buga a raba wa sauran lakol.

Ranar jarrabawa Mushe ya naɗe takardar, ya ce kowa ya zana daga kansa. Yara sittin da biyu, kusan duka suka kwaikwayo shuɗin nan tsaf.

Sai wata yarinya, Raihana, ƙanwar Umara mai haƙar rijiya, wato yayan nan namu da ya rasu. Ita ba ta sa shuɗi ba. Ta cika takardarta da ɗige-ɗigen bik, wato biro, na sama ta bar tsakaninsu fari, na ƙasa ta shafa fensir tsakaninsu har ya yi duhu.

Mushe ya ɗaga takardar ya ce, "Wannan kuma gero ne aka watsa wa kaji?"

Aji ya fashe da dariya. Ya ba ta sifiri.

Raihana ta riga ta maimaita ajin sau ɗaya. Da wannan sifiri makinta ba zai kai ba, kuma wanda ya faɗi sau biyu sallamarsa ake yi.

Ta dawo gida ta ƙi cin tuwo. Umara bai taɓa shiga lakol ba, amma ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai ita ce rijiya ta gaskiya."

Washegari ya tafi kolej da busasshen taɓo a ƙwaurinsa.

"Mushe, barka da aiki. Na zo ganin tafkin da aka ce kun gano a ƙarƙashin Gure. Shekara goma sha ɗaya ina haƙa, Allah bai sa na faɗa cikinsa ba."

Mushe ya yi dariya. "Malam Umara, ai na san ba tafki ba ne. Ruwa ne tsakanin ƙwayoyin rairayi. Shuɗin alama ce kawai, kowane yaro ya gane."

"Kai ka sani. Su ka tambaye su?"

"Ai sun ci jarrabawa."

"Ni ma ba ni alli in kwaikwayo maka rubutun Faransanci. Amma kar ka tambaye ni abin da ya ce."

Maganar ta ɓata wa Mushe rai. Don ya kunyata shi, ya ja shi har cikin aji, ya rataye zanen, ya ce, "Wanda ya haƙa rijiya har ya kai shuɗin nan, me zai tarar?"

Hannuwa suka tashi.

"Zai burma ya faɗa ruwa, Mushe!"

"Sai dai in ya iya iyo!"

Wata yarinya mai suna Yabawa ta tambaya ko kifin can ƙasa suna da idanu, tunda duhu ne.

Sai Mainasara, wanda ke zuwa na ɗaya a ajin, ya miƙe da ƙarfin gwiwa. "Mushe, ni har na gaya wa babana ya daina damuwa da garkarmu. Tunda tafki ne babba, ko injin jan ruwa nawa aka sa ba zai ƙare ba."

Mushe ya ajiye allin da ke hannunsa. Ya juya wajen Raihana.

"Raihana, ke fa?"

Ta tashi kanta a ƙasa. "Ba zai tarar da tafki ba, Mushe. Jiƙaƙƙen rairayi ne. In ya jira, sai ruwan ya tsattsafo kamar gumi."

Umara bai yi dariya ba, bai ce na gaya maka ba. Cewa ya yi, "Ran Lahadi muna haƙa a kwari. Ka zo, amma ka bar takalman nan a gida."

Ya kuwa zo. Aka ɗaura masa igiya ya sauka. Ya tsuguna ya ga bango yana naso, ruwa yana taruwa a sawun ƙafarsa kaɗan-kaɗan. Daga sama Umara ya leƙo ya ce, "Mushe, in ka kama kifi rabi namu ne!"

Daga ranar ya canza yadda yake aiki. Ya yanke robar ruwa mai haske, ya cika ta da rairayi, ya zuba ruwa a gaban yara, suka ga inda jiƙa ta tsaya. Sannan ya sake zane. Amma yanzu kafin ya rataye, sai ya nuna wa yaran wani aji da matan da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa, ba tare da bayani ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Me kuka gani?"

Sabon zane na farko suka ce ƙwan kwaɗo ne. Na biyu suka ce ruwan sama ne ke sauka. Na uku ya ɗauko takardar Raihana ya bi hannunta, ya ƙara hannun mutum yana matse rairayi, ruwa na ɗiga. Wata tsohuwa ta duba ta ce, "A'a, wannan ai gindin rijiya ne."

Bai kai mai shuɗin nan kyau ba. Shi ya kai wa darakta, da sunan Raihana da na Umara a ƙasa.

A gaban aji ya kira ta. "Sifirin nan nawa ne, ke na ɗora wa. Ki yafe mini." Ya soke shi ya rubuta goma sha takwas bisa ashirin. Biyun ya riƙe don ba ta rubuta sunayen abubuwa ba. Raihana ta wuce aji. Bana tana lise, babbar sakandare.

Yaya, ranar ta'aziyya Mushe ya zo ya zauna a bakin tabarma. Ya ce malaminsa ya rasu. Mutane suka ɗauka ladabi ne kawai.

Na shiga bukkarka ta garka na tarar da zanen gawayi a jikin kwanon rufi, wanda ba ka ƙarasa ba. Rijiya ce, da ruwan kanwa yana matsowa in inji ya ja da yawa. Ni da na tsaya a aji shida na firamare, ina kwafe shi a tsohon kayen Raihana, littafinta na rubutu. In na gama zan nuna wa yaran unguwa in ce, me kuka gani? Ban gaya wa kowa a gida ba tukuna, ko Inna.

Darasi: Kyan zane ba shi ne fahimta ba. In ka nuna wa yaro abu, kar ka tsaya a "ka gane?", ka sa shi ya faɗa maka abin da ya gani, kuma kar ka raina wanda ya san abin da hannunsa. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, ku sa mai haƙar rijiya a addu'a.