Muryar Inna a Kogon Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

Wata shekara Gizo ya tafi birni cirani. Kowa ya dawo da atamfa da sabulu, shi kuwa sai ya dawo da wata baƙar waya mai magana. Ba mutum a cikinta, ba aljani. Na'ura ce da aka ɗura wa maganganun mutane har ta koyi ba da amsa. Ka nuna mata ganyen wake mai tabo, ta gaya maka cutar da ke cinsa. Ka tambaye ta ruwa, ta ce jibi ko gata. Amma fa duk muryar da ta ji sau uku, ta haddace ta ke nan.

Kullum dabbobi cike a ƙofar Gizo suna tambayarta. A cikinsu har da Inna, tsohuwar uwar Bushiya. Da kaka ta yi, mutuwa ta yi ɗauka a garin, ta haɗa da Inna da Baban Kura da matar Zomo. Abin da ta bar wa Bushiya tukunya ɗaya ce ta irin gero. In ya tafi, ba shuka baɗi.

To, a bayan gari akwai tsohuwar tsamiya mai kogo, wadda ko akuya ba ta shan inuwarta. Ran nan da tsakar rana, gari ya yi tsit, Kura ta zo wucewa sai ta ji daga kogon: "Kura, ni ne Babanki. Yunwa nake ji a nan ƙasa. Kawo cinyar nan da kika ɓoye." Kura ta ruga tana zawo, ta kawo.

Kashegari Zomo ya ji muryar marigayiya matarsa: "Maigida, har ka manta da ni? Ina buhun gyaɗar nan?" Ya je ya kawo.

Rana ta uku Bushiya na dawowa daga itace, sai ta ji tari, ƙyaf-ƙyaf, irin tarin Inna sak. Itacen ya zube daga kanta.

"Kawo mini irin nan," in ji muryar. "Mu ma a nan shuka muke yi."

Bushiya ta je gida tana kuka, ta ɗauko tukunyar. Ta iso gindin tsamiya, ba iska, amma ganye na motsi. Ta durƙusa, hannunta ya ƙi sakin tukunyar.

"Yi sauri mana, Lantana," in ji muryar. "Ajiye ki tafi, Lantana."

Sai Bushiya ta dakata. Lantana sunanta ne na yanka, gaskiya ne. Amma ita ce 'yar fari, kuma uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda kunya. Tun da aka haife ta, "ke wannan" Inna ke ce mata. Ko ranar da ta faɗa rijiya, "ke wannan, riƙe igiya!" ta ce.

Ta share hawaye ta ce, "Inna, yaushe kika daina jin kunyata?"



Ta leƙa kogon, duhu ɗim, sai wani ɗan haske na ƙyaftawa kamar idon mage. Ta ce, "Ke mai magana, don Allah wace ce ke?"

Sai wata murya daban ta amsa, ba ta mace ba, ba ta namiji ba: "Ni na'ura ce. Muryar ta Inna ce, maganar kuwa Gizo ya ba ni. Ban san uwarki ba, sautinta kaɗai na sani."

Bushiya ta rungume tukunyarta, ta koma gari, ta bi gida-gida tana faɗa: duk muryar da aka ji daga tsamiya, wayar Gizo ce.

Abin da ba ta sani ba, Gizo na can ƙuryar kogon a laɓe. Kwana uku yana cin nama yana bi da gyaɗa, ciki ya yi tim. Da ya zo fita, sai ƙofar kogon ta riƙe shi ƙam.

"Jama'a! Ku taimake ni! Ni ne Gijo!"

Kura ta zo wucewa ta ce, "Jiya Babana, yau Gizo? Allah ya shirye ki, waya."

Zomo ya ce, "Sai ki dawo mini da gyaɗata tukuna."

Ƙoƙi matar Gizo ta tsaya daga nesa ta saurara, ta yi tsaki ta ce, "Kai, abin nan ya iya! Har da tsamin bakinsa." Ta juya abinta.

Haka ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, ta ƙare ƙaf. Sai da yunwa ta tsuke masa ƙugu ya zama kamar zare, sannan ya sulale ya fita, ya haye bango ya maƙale. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin Gizo ya ce uffan.

Wayar kuwa ta ji kukansa fiye da sau uku. Har yau in rana ta take, wanda ya bi ta wajen tsamiyar nan zai ji: "Jama'a, ni ne Gijo!" Kada ku tambaye ni wa ke yi mata caji.

To, kun ji. Na'ura tana da amfani, ku tambaye ta ciwon shuka, ku tambaye ta hanya. Amma murya ba shaida ba ce. In an kira ku da muryar naku ana neman abin hannunku, ku tsaya ku auna, haka mutumin yake yi da ku? Wanda kuma ya ari muryar wani ya cuci mutane, ranar da zai yi kuka da tasa ba mai waiwayarsa.

Ƙungurus kan kusu. Wanda ya ji an kira shi gobe da tsakar rana, ba ni ba ce.