Mutumin da Ya Ɗauke Wuta Ranar Bikin 'Yarsa

Akwai wani mutum mai lura da babban injin da ke ba garinsu wutar lantarki. Injin nan gas yake ƙonawa. A cikinsa akwai fuka-fukai na wani irin ƙarfe mai daraja, masu juyawa cikin zafin da zai narkar da tukunya, amma su ko gezau. Mutumin kuwa yana alfahari da aikinsa, gari kuma yana alfahari da shi.

Al'adar aikin ita ce, in lokacin dubawa ya yi, sai a tsai da injin ya huce. A shafa wa fuka-fukan jan ruwa, a goge tas, a barbaɗa farar hoda. In akwai tsaga, jan ruwan da ya shige ciki sai ya fito a kan farin, ya tona asiri.

Ana jibi bikin 'yarsa Rifkatu, ya yi wannan dubawa. Sai ga jan layi a gindin fiffike ɗaya, siriri kamar silin gashi.

Abokin aikinsa ya ce, “Haba, ɗan wannan? Tayar da injin, a sha biki. Bayan biki ma gyara.”

Mutumin ya sake duban jan layin. Ya san irin wannan ƙarfe ba ya narkewa, amma duk lokacin da ya ɗauki zafi ya huce, tsagar takan ƙara gaba kaɗan. Ran da ta kai iyaka, fiffiken zai ɓalle, ya farfasa sauran, har da mutanen da ke kusa. Ya ce, “Ba zan tayar ba.”

Da ya koma gida, matarsa ta ce, “Baban Rifkatu, kai ke ba gari wuta, a ce 'yarka ce za a aurar ba wuta? Ina zan sa fuskata?”

Ya ce, “Yi haƙuri, uwargida. Na ga abin da na gani.”

Ranar biki majami'a ta cika, ba fanka, ba lasifika, zoɓo ya yi ɗumi. Baƙi suna fifita, suna yi wa masu wuta tsiya, kun dai san bakin mutanenmu. Ana cikin haka abokin aikin ya shigo da fiffiken da aka cire aka yanka. Ashe tsagar ta ci fiye da rabinsa ta ciki.

Matar ta karɓa, ta duba, ta miƙe tsaye, ta ɗaga shi sama ta ce, “Jama'a, masu tambayar wa ya ɗauke wuta, mijina ne! Nawa!” Sai 'yan zumuntar mata suka rangaɗa guɗa.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙarfen nan zuciyar mai bi ce, Allah ya yi ta domin ta jure wuta. Tsagar ita ce ɗan zunubin da muke ce wa “ɗan wannan.” Tana girma sa'ad da muke zafi ran Lahadi, mu huce ran Litinin. Jan ruwan kuwa Maganar Allah ce, tana shiga inda ido bai kai ba.

'Yan'uwa, ni kam ina alfahari da duk wanda ya ga jan layinsa ya tsaya, ko da gari zai zage shi. In an nuna maka naka yau, kada ka ce sai bayan biki. Tsaga ba ta jiran a gama biki.