Bututun Da Ya Kalli Tagar 'Yardada

An yi wani mutum a nan cikin Birni, wajen Mandawari, maƙerin zinariya. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye.

Masu haƙa suna kawo masa zinariya a cakuɗe da zaiba. Sai an ƙona ta zaibar ke tashi ta bi iska, zinariyar ta rage. Wannan tururi guba ne, ya 'yan uwa, kuma ba shi da wari.

Duba-gari suka zo, suka yi masa bayani tiryan-tiryan. Suka ce ko ya sayi tukunya mai murfi wadda ke kama tururin, ko ya fitar da aikin bayan gari. Ya ce, "In Allah ya yarda."

Suna juya baya ya mayar da aikin ƙuryar gida. Ya kira magini ya fasa bango, aka zura bututu. Maginin ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai bakinsa tagar Iya 'Yardada yake kallo."

Ya ce, "Kai dai yi aikinka."

'Yardada dattijuwa ce, maƙwabciyarsa, ta san shi tun yana rarrafe. Kada wani ya ce bai san guba ba ne. Ya sani sarai, domin ya umarci matarsa Safiya cewa duk ranar da zai hura wuta, ta fitar da 'yarsu Ikram daga gidan. Bai faɗa mata inda bututun ya nufa ba. Bai kuma taɓa tambayar inda ake kai yarinyar ba.

Sannu a hankali hannun 'Yardada ya fara rawa. Haƙoranta suka yi ta girgiɗa, mantuwa ta kama ta. Mutane suka ce tsufa ne. Da ta rasu, shi ne a sahun gaba wajen jana'iza.

Sai Ikram, yarinyar da ke gudu tana surutu, ta koma faɗuwa tana tashi. Maganarta ta sarƙe. Aka yi rubutu, aka yi addu'a, daga baya aka je asibiti. Likita ya auna ya ce zaiba ce a jikinta.

Mutumin ya rantse da Allah ba ta taɓa zama a gida lokacin ƙuna ba. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Ina kike kai ta?"

Safiya ta ce, "Ɗakin Iya mana. A nan take yin barcinta, a ƙarƙashin taga."

A nan ya tuna inda bakin bututunsa yake kallo.

Hukuma ta rufe wajen aikin. Shi ma zaibar ta kama shi, yau ko kofin ruwa ba ya iya kaiwa baki. Ikram ta isa shiga makaranta, amma a baya ake goya ta.

Ya 'yan uwa, wa ya yi masa wannan? Aljani ne? Maƙiyi ne? Mutum ya auna ran 'yarsa da ran maƙwabciyarsa, ya zaɓi wadda za a kashe. Ya manta iskar Allah ba ta san iyakar gida ba. Dokar da aka kafa don kare numfashin jama'a, bin ta addini ne, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk mai sana'a a cikinmu, in ya koma gida, ya duba inda nasa hayaƙin yake fita.

Allah ya ji ƙan 'Yardada, ya sauƙaƙa wa yarinyar nan. Allah ya kiyaye mu da cutar da bayinsa. Amin.