Abin da Ya Sa Kaminmu Ke Tafiyar Ƙaguwa

Kuna tambayar dalilin da ya sa a duk Japan mu kaɗai muke ɗaukar kami a kaikaice ranar biki? To ku matso, amma kada ku faɗa wa baƙi.

A da can muna ɗaukarsa kamar kowa. Kami shi ne abin bautar ƙauyenmu, kowace shekara a sa shi a ƙaramin ɗakin katako, maza su saɓa a kafaɗa daga ɗakin bauta zuwa gonakin shinkafa, don ya ga halin da suke ciki ya saukar da ruwa.

Wata shekara ruwa ya ƙi zuwa, dashe ya fara bushewa. A nan ne mutanen unguwar Tudu da na unguwar Gangare suka ga lokacin rigima ya yi: wa zai riƙe gaba? Mai kula da ɗakin bauta, tsoho Sakuji, mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya cewa a'a. Shugaban Tudu ya zo, Sakuji ya ce masa, "Ku ne gaba." Na Gangare ya zo, shi ma Sakuji ya ce masa, "Haba, ai ku ne gaba."

Ranar biki kowane ɓangare ya juya wa ɗan'uwansa baya don ya zama shi ne gaba, aka saɓa, aka ja. Kami bai motsa ba. Aka wuni ana nishi a wuri ɗaya.

"Baba, wa ka ce ne gaba?" suka tambaya.

Kunya ta kama Sakuji, ga tsoron yunwa. Ya dubi gonaki sun tsattsage, ya ce, "'Ya'yana, kami ya ce yau gefe yake so."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi wa kowa daɗi, tunda ba mai bin bayan wani. Aka jeru kafaɗa da kafaɗa, ana jan ƙafa kamar ƙaguwa, ana taka juna, wasu na faɗawa rami. Kafin su kai gona hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa.

Sakuji ya so ya faɗi gaskiya, suka ce ya yi shiru, me ya sani game da kami?

Shi ya sa har yau muke tafiya a kaikaice. Baƙi na ɗaukar hoto suna tambayar hikimar, mu kuwa mu murtuke fuska mu ce sirrin kakanni ne.