Kocin da Ya Shayar da Yaransa Maganin Shanu

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum a cikin garin Gumel, ba da jimawa ba. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, domin ba tonon asiri ya tara mu a nan ba. Koci ake ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Mutumin nan Allah ya ba shi ƙirar ƙarfi da saurin ƙafa. Da ƙuruciyarsa ya yi tsere ya yi suna, da shekaru suka fara ja sai ya tara samari goma sha biyu yana horar da su. Iyayensu da kansu suka kawo masa su, suka ce ga amana.

Kuma wallahi da fari ya riƙe amanar. Ana idar da sallar asuba za ka gan su a bayan gari, suna hawa tudun yashi da gudu suna saukowa, suna tsallen kwaɗo, suna jan tsohuwar tayar mota da igiya a ƙugu. Ya cika gwangwanayen madara da siminti, ya soka musu sanda, ya ba kowane yaro daidai ƙarfinsa. Yakan ce musu ƙashin matashi bai gama ƙwari ba, a hankali ake ƙara masa kaya. Kwana biyu a mako hutu ne. In an tashi, matarsa Lauratu ta dama fura, a zauna a gindin darbejiya ana sha ana tsokanar wanda ya zo na ƙarshe.

Akwai laifi a cikin wannan? Babu ko kaɗan. Jikin nan Allah ne ya ba mu, kula da shi ma godiya ce.

Yaran suka yi ƙarfi, suka yi sauri. Cikinsu akwai wani dogo mai suna Cindo, ɗan wani manomi daga Gagarawa Tasha, wanda in ya ɗiba da gudu sai mutane su tsaya da sana'arsu suna kallo. Suka ci tsere a nan, suka ci a can. Masu Keke Napep suka fara yi wa Koci oda in sun gan shi a hanya.

To, a nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Da, in an yabe shi sai ya ce alhamdu lillahi. Sai aka wayi gari in an yabe shi yana buga ƙirji yana cewa, "Ai ni na ƙera su."

Kun ji? Shi ya ƙera su!

Wata shekara aka shirya gasa tsakanin matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Akwai wani dattijon malamin wasanni a Ɗanzomo ta Sule Tankarkar, Malam Ɗalha, mutum mai sanyin hali wanda ko usur ba ya busawa da ƙarfi. Yaronsa ya riga Cindo isa igiyar ƙarshen tsere da taku ɗaya tak. Malam Ɗalha ya zo ya miƙa wa Koci hannu yana murmushi. Koci ya karɓa da yatsu biyu, ya juya baya.

Taku ɗayan nan ya hana shi jin daɗin tuwo shekara guda.

Ya soke ranakun hutu. Ya ƙara wa gwangwanayen nauyi. Taya ɗaya ta koma biyu. Furar ma aka daina zaman shanta, wai hira tana kashe zuciya. Wata safiya Cindo ya zo yana ɗingishi, ya rusuna ya ce, "Koci, gwiwata tana damuna. A yi mini afuwa kwana biyu."

Ya ce, "Yaran Ɗanzomo gwiwar ƙarfe gare su? Ɗauki igiya."

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ana saura kwana biyu gasar ta zagayo, ya tafi kasuwar Maigatari. Can wajen masu sayar da magungunan dabbobi ya tarar da wani mai daɗin baki, da ƙullin gari a leda. Mai maganin ya ce wannan shi ake ba sa na turka ya yi ƙwanji, a ba doki ya ƙi gajiya. Koci ya sunkuya ya yi ƙasa da murya, ya ce mutum fa? Mai maganin ya yi dariya, ya ce shi dai shanu ya sani. Ko wannan amsa ba ta isa mai hankali ya tashi ba? Bai tashi ba. Ya saya.

Da safiyar ranar gasa Lauratu ta tarar da shi yana juye garin a jarkar zoɓo. Ta ce, "Baban Mansura, mene ne wannan kake zubawa? 'Ya'yan mutane ne fa. Ka ji tsoron Allah."

Ya ce garin dabino ne da citta. Ƙarya ta farko ke nan.

A bakin fili ya tara yaran, ya maimaita musu ita. Cindo ya sansana kofin, ya yamutsa fuska. Don ya kashe musu shakka, Koci ya cika kofi ya shanye, ya ƙara na biyu, ya bi da na uku. Yaran suka ga haka, kowa ya ɗaga nasa.

Fili ya cika maƙil. Ga dattawa a rumfa, ga makaɗa, ga masu rake da gyaɗa. Koci ya sha sababbin kayan wasanni, usur a wuya, yana taku ɗai-ɗai. Aka jera yara huɗu-huɗu domin tseren miƙa sanda. Aka busa.

Yaronsa na farko ya fita da sauri na ban mamaki. Jama'a suka ɗau sowa. Ya kai rabin hanya, sai aka ga ya dafe ciki, ya karkata, ya bar layi, ya nufi wata gonar gero da ke gefen fili, sandar tana hannunsa. Na biyu, da ke jiran a miƙo masa, ko jira bai yi ba, shi ma ya bi shi. Sauran da ke zaune a benci suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Mai magana a lasifika ya rikice, yana cewa, "'Yan Gumel, ba nan ne hanya ba!"

Koci ya buɗe baki zai daka tsawa, sai nasa cikin ya amsa. Kofi uku, ya 'yan uwa! Waɗanda suka halarta sun ce tunda suke ba su taɓa ganin gudu irin wanda ya yi ba a ranar. Ya tsallake benci biyu, ya kifar da tiren mai gyaɗa, ya wuce yaransa gaba ɗaya. Wani tsoho a rumfa ya ce a ba wannan mutumin kofin gasar kawai a huta.

Na ga kuna dariya. Su ma sun yi, har da masu hawaye. Amma dariyar ba ta daɗe ba.

Cindo bai kai gonar ba. Ya yi taku kaɗan, gwiwar nan da aka ƙi bari ta huta ta ƙi ɗaukarsa, ya zube. Zuciyarsa tana bugawa kamar za ta faso ƙirji, idanunsa suka juye. Malam Ɗalha ne ya bar nasa yaran, ya cicciɓe shi ya sa a mota. Yara biyar aka kwantar ana musu ƙarin ruwa, ga Koci a gadon da ke kusa da su.

Likita ya tambaya me suka sha. Koci ya ce zoɓo. Likita ya ce in bai san abin da ke ciki ba, ba shi da tabbacin dogon yaron zai tashi. A nan ne bakin ya buɗe, a gaban iyaye, a gaban kowa.

Mahaifin Cindo bai zage shi ba. Ya tsaya a kansa, ya ce, "Malam, ni ɗa na kawo maka. Yaushe ya zama sa?" Ya juya ya koma wajen ɗansa. Koci ya ja mayafi ya rufe fuska, ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro.

Allah cikin rahamarsa ya tashi kafaɗun yaran duka. Cindo ya yi wata takwas bai yi gudu ba, daga baya ya koma hannun Malam Ɗalha, aka bi da shi sannu-sannu, yau yana nan yana tsere lafiya lau. Shi kuwa Koci, masu shirya gasa suka hana shi kusantar fili. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu. In ya ratsa kasuwa, sai wani ya yi kukan sa a bayansa. Da abin ya ishe shi, ya tattara iyalinsa ya bar garin da aka haife shi.

Me ya kayar da shi? Ba rashin sani ba ne, ya fi kowa sanin aikin. Girman kai ne ya fara, hassada ta biyo, ita ta haifi gaggawa, gaggawa ta kai shi ga ƙarya da cin amana. Duk a kan taku ɗaya.

Ku matasa, ku motsa jiki, ku yi ƙarfi, ku yi sauri, muna so. Amma kada ku haɗiyi abin da ba ku sani ba don wani ya ce za ku fi kowa. In jiki ya ce ya gaji, ku saurare shi. Ku kuma da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, a fili ne ko a aji ko a shago, ku sani ranar tana zuwa da za a tambaye ku game da kowane ɗaya da sunansa, kuma ba za a tambaye ku kofi nawa kuka ci ba.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da hassada. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ƙara wa 'ya'yanmu lafiya da ƙarfi mai albarka. Wanda ya faɗi kuma, Allah ya karɓi tubansa. Amin.